Albasar da ta ƙi yin saiwa

Kwalabe arba'in da takwas ne, kowace ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, ruwan cikinta bai cika cokalin shayi ba. Wata takwas ɗan ƙanwata ya yi yana jiran a aiko masa da su daga waje, kuma an gaya masa babu na biyu. Da su zai yi aikin da zai zama dokta. Talatin daga ciki ya zuba wa albasata suka tafi a banza, har yau yana cewa ni na cuce shi.

Na fi shekara ashirin ina dillancin albasa a Yamai. Da buhu uku na fara a kasuwar Wadata, yanzu kamiyo, babbar mota, nake lodawa. Shi kuwa tun da ya fara sa farar riga a labo, ɗakin bincikensu na jami'a da ke Harobanda, gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga kan moto. Wata Talata ya tsaya ƙofar mangazata, inda nake ajiyar albasa, ko sauka bai yi ba, ya ce yana son albasa ƙanana ɗari biyu, girmansu ɗaya, mafi kyau da nake da ita. Na tambaye shi ta miya ce ko ta biki. Ya ce aikin bincike ne, ba zan gane ba.

A wurinmu albasa mai kyau ita ce wadda za ta yi wata huɗu a ajiye ba tsiro ba saiwa. Ina da wani manomi da ke fesa wa gonarsa magani kafin cira, albasarsa sai ta kwanta kamar dutse. Ita na zaɓa masa ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ina sane da feshin.

Bayan kwana biyar ya dawo, wannan karon ya sauka. Ya ce in zo in ga ɓarnar da na yi. Na hau bayansa muka ƙetare gada. A labo na tarar da albasata jere a bakin ƙananan kofuna, gindin kowace cikin ruwa. Sai a ranar ya yi mini bayanin da ya hana ni, shi ma cikin faɗa. Wai saiwa tana tsawo ne saboda ƙwayoyin da ke bakinta suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Kowace kwalba da sinadarinta daban, yana son ya ga wanne ke tsayar da rabuwar, don irinsu ake nema wa ciwon daji. Zai yanki bakin saiwar ya rina ya duba a madubin ƙara girma. To babu saiwar da za a yanka. Har waɗanda ya sa a ruwa zalla don gwadawa, gindinsu fayau.

"Kawu, guba kuke sayar wa mutane," in ji shi.

"Da ka sauko daga moto ka ce mini saiwa kake so, da na ba ka ta bayan mangaza, wadda nake zuba wa awaki."

Na tambaye shi me ya hana shi jiƙa goma a ruwan famfo ya gani kafin ya buɗe kwalabensa, tunda mai sayen gero ma sai ta tura hannu cikin buhu. Ya ce lokaci ne ya ƙure masa. Na tambaye shi ko ya gwada ya ga feshin yana cutar da mai ci. Ya ce ba aikinsa ba ne. Na ce to ya daina kiran kayana guba. Ya juya baya ya kira ni jahili da Faransanci, yana zaton ban ji. A taksi na koma.

Uwarsa ta zo ta ce in ba shi haƙuri, ni ne babba. Na ƙi. Abin da na yi kawai, na aika masa rabin buhun ta awakin. Kwana biyu ta fid da saiwa fara sol. Daga bakin uwar na ji cewa cikin kwalabe goma sha takwas da suka rage, biyu sun tsayar da rabuwar, amma malamansa sun ce bai isa ba, sai ya ƙara shekara. Godiya ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne labarin da ya baza a wajen wani suna, a gaban dangi da maƙwabta, cewa albasar kawunsa ko saiwa ba ta iya yi. Mata biyu masu gidan abinci da suka daɗe suna saye a wurina suka koma wajen wani.

Manomin nan har yanzu ina saye a wurinsa, don albasarsa ce ke isa Kwatanu ba ta lalace ba. Sai dai ta miyar gidana daga wani buhun nake ɗiba.

Shi ya rasa kwalabe talatin da shekara ɗaya. Ni na rasa masu saye biyu da ɗan ƙanwa, don yanzu ko hannun ba ya ɗagawa. Albasar da ta rage bai jiƙa ba ya ɗaure a buhu ya jefar mini a ƙofa. Na ajiye ta a lungu, ta yi wata biyar ko ɗaya ba ta yi tsiro ba.