Tocila Mai Batir Shida da Tafiyar Ɗauko Gwaggo

Muna idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu na Ƙofar Kibo, ni da yayana, kowa da 'yar jakarsa. Baba ya rako mu har bakin zaure, abin da bai saba yi ba, ya sake nanata mana saƙonsa: mu je wani ƙauye da ke gaba da Soba mu ɗauko yayarsa, wato Gwaggo, a kawo ta asibiti. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai sai an ja mata hannu take fita tsakar gida. An sha aika mata ta ƙi zuwa, wai ta ji labari likitoci na ƙwaƙule ido su wanke a kwano su mayar, ita kuwa ba za a wanke nata ba. Baba ya ce in muka dawo babu ita, kada mu ma tsaya gaishe shi.

Ƙarshen damina ne, lungunan birni duk taɓo, ga shi an ɗauke wuta. Ba mu yi nisa ba na zurma ƙafa cikin kwata har idon sawu. Ina da tocila a gida, amma da na lalubo ta na ji ta sakayau, ashe maiɗakina ta kwashe batir ɗin ta zuba a rediyo. Tun daga nan na ƙudura cewa ba zan shiga ƙauye hannu sake ba.

A tashar Ƙofar Doka muka tarar motar Soba ba ta cika ba, kuɗin mota kuma ya hau saboda wahalar mai. Muna jira na hango wani dattijo ya baje tebur da tocila iri-iri. Bakinsa da zaƙi, duk wadda ka taɓa sai ya ce irinta ce shi ma yake amfani da ita a gida. Akwai ta ƙarfe mai batir biyu, wadda kowane gida a birni ya sani. Ya ce tana jure faɗuwa, sai dai ruwa na sa ta tsatsa. Akwai ta roba mai canza launi, ja da kore da fari. Ya ce da irinta ake tsayar da jirgin ƙasa, na ce ba ni da jirgin da zan tsayar. Akwai wata 'yar siririya kamar biro. Yaya ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana ganinta ya saya ya maƙala a aljihun gaba kusa da birukansa, ya ce matafiyi mai hankali ba ya ɗaukar abin da aljihu ba zai ci ba.

Ni kuwa ina ta juya wannan ina ajiye waccan, sai dattijon ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro wata jar tocila mai batir shida. Tsawonta ya kai kamu, kanta kamar murfin tukunya, har da igiyar ratayawa. Gari bai gama wayewa ba, ya saita ta saman wani rimi da ke tsallaken titi ya danna, sai ga jemagu sun watse. Kuɗinta ya ɗara kuɗin motata zuwa da dawowa, ban da batir. Yaya ya ce gwaggo aka aike mu ɗaukowa, ba farautar kura ba. Na ce ƙauye ba ofis ba ne, akwai macizai. Na biya.

Matsalar farko, jakata ta ƙi cin ta. Haka na ɗora ta a cinya a kujerar baya, inda aka cusa mu huɗu a wurin mutum uku. Duk ramin da mota ta faɗa sai gindinta ya zunguri haƙarƙarin wani Alhaji dillalin tumatir da ke gefena. Da farko ina ba shi haƙuri yana cewa ba komai, daga baya ya daina amsawa. Mun haye kogin Galma ya cika ya yi jawur, gonaki kuwa sai wanda ya gani: masara ta bushe a tsaye, dawa ta fid da kai, rake ya yi duhu a fadama.

Kafin Maigana muka iske shingen sojoji. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya sauka kan abin da ke cinyata, ya ce in sauko da shi. Na ce tocila ce. Ya ce in kunna. Rana ta riga ta take, na kunna ba a ga komai ba. Ya karɓa ya jinjina nauyinta, ya leƙa cikin gilashin, ya kira abokinsa shi ma ya jinjina. Sannan ya tambaye ni maigadi ne ni ko maharbi. Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa daga cikin mota.

“Malamin firamare ne, ranka ya daɗe. Haka Allah ya yi shi.”

Har Alhajin tumatir sai da ya yi dariya, yana dafe da haƙarƙari.

Mun ci sa'a ranar kasuwa ce a Soba. Muka ci waina da miyar taushe a wajen wata mata mai yawan albarka, wadda ke ƙara maka miya tun ba ka tambaya ba. Rake kuwa araha kamar kyauta, abin da za ka sayi gaɓa biyu a Tudun Wada a nan sanda guda za a ba ka. Daga nan babu kwalta, sai akori-kura. Aka loda mu a baya tare da buhunan gishiri, da mata masu komawa daga kasuwa, da wata akuya da ta ɗauki igiyar tocilata a matsayin abincin rana.

Muna haye wani rafi motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe inji ya ce yana bukatar haske can ƙasa. Na diro da sauri na miƙa masa tawa, ina satar kallon Yaya. Kan tocilar ya ƙi shiga tsakanin ƙarafan. Yaya ya zaro 'yar siririyarsa a hankali, kamar zai sa hannu a takarda, ya miƙa. Direba ya cije ta da haƙori ya shige ƙarƙashi, ba a jima ba mota ta tashi. Tun daga rafin har ƙauyen Yaya yana yi mini lacca kan bambancin girma da amfani. Na dai lura tocilar ta dawo masa da baƙin mai da shaidar haƙora, haskenta kuma ya koma kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Bayan la'asar muka isa. Surukar Gwaggo ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta kai mu ɗakin tsohuwar. Ɗakin ƙasa ne babu taga, da rana ma sai ka tsaya idonka ya saba. Gwaggo na zaune a bakin gado. Da murya ta gane mu, ta shafa fuskokinmu, ta ce Yaya ya yi kumatu da kuɗin gwamnati, ni kuwa alli ya tsotse ni. Da aka gama gaisuwa Yaya ya gyara zama ya isar da saƙon Baba dalla-dalla, yadda yake karanta rahoto a wurin taro.

Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, “Shi Malam ɗin ne ya aiko ku da umarni? Ni na goye shi, zanina nawa ya ɓata. Ku koma ku ce ina gaishe shi. Idon nan ya riga ya mutu, ku bar ni da addu'a.”

Muka yi lallashi, muka kawo misalin mutanen da aka yi wa aikin suka warke, ta ce su suka ga za su iya. Na ga gumi ya karyo wa Yaya, don ya san Baba ba ya faɗin magana ya janye. Ya ciro ƙullin goron da Baba ya bayar a kawo mata, ko zai sassauta ta, ganyen ya kwance, goro ya gangare ƙarƙashin gado. Ya zaro 'yar siririyarsa ya danna, ko ƙafar gadon ba ta nuna ba. Na ɗago tawa na kunna. Ina juyawa hasken ya bi ta kan fuskar Gwaggo.

Ta zabura ta ce, “Wa ya fasa mini bango?”

Ta ce a sake. Na kashe, na kunna. Na kai hasken dama, ta bi shi da yatsa. Na kai hagu, ta bi. Yaya ya gaya mata abin da likitan da Baba ya tuntuɓa ya faɗa, cewa idon da ke bambance haske da duhu bai mutu ba, yanar ce kawai ta tare shi kamar labule. Ta miƙo hannu na ɗora mata tocilar. Ta lalubi makunnin da kanta, ta juyo da ita saitin fuskarta, ta daɗe a haka. Hawaye na bin kumatunta, ban tambaya ba ko ƙarfin hasken ne.

Can ta ce, “Ashe ganin yana ciki.” Ta tambaya ko fitilar likita ta kai wannan. Yaya, wanda ya wuni yana zagin tocilata, ya ce da kaɗan ta fi ta. Ta ce to za ta je, amma wannan abin ba zai bar hannunta ba.

An yanka mana zabuwa, muka ci da tuwon sabuwar masara da miyar ɗanyar kuɓewa, muka kwana. Farin wata ne tar, ko allura ka yar za ka tsinta, maciji kuwa ko ɗaya ban gani ba.

Da hantsi muka juyo, Gwaggo a gidan gaba, tocila a rataye a wuya. Duk wanda ya yi magana sai ta juya ta haske shi. Ta haske direba har ya roƙe ta da girman Allah ta bari ya ga hanya. A Soba ta haske mai waina, ta haske wani jaki da ya yi kuka, sai da na sake sayen batir. A shingen sojoji mutumin jiya ne ya leƙo, ta dalle masa fuska ta tambaye shi ɗan wane ne, kuma ya karya kumallo kuwa. Ya tsaya ƙiƙam ya amsa mata tambayoyin duka, ta ba shi ɓarin goro, ya ɗage mana shinge.

Kafin magariba muka shigo birni. Baba na zaune a zaure kan buzunsa, ya ga mun shigo muna riƙe da ita, ya miƙe tsaye. Sun yi shekaru ba su haɗu ba. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta kunna tocila a fuskarsa ta matso kusa-kusa.

“Ba na ganin fuskarka, amma ina ganin wani abu fari-fari a ƙasa. Mene ne?”

“Gemu ne, Yaya,” in ji Baba.

“Ka yi furfura, ba wanda ya gaya mini.”

Baba ya yi dariya, sannan ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Mu muka shige ciki da kaya.

An yi mata aikin idon dama a satin da ya wuce, na hagu sai an huta. Ranar da aka cire bandeji muna tsaye duka a kanta. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayenmu, ta kalli tafin hannunta, sannan ta kalli abin da ke kan cinyarta. Ta juya shi gaba da baya, ta ce ashe wannan jibgegen jan abu muka bari tana yawo da shi a wuya gaban mutane, mu ba mu da kunya ne. Na miƙa hannu in karɓa, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

Masu tambayata wace tocila ta fi dacewa da tafiya, ga abin da na gano. Ƙaramar ta tayar mana da mota, babbar ta tayar mana da Gwaggo, kuma babu ɗayanmu da ya sayi tasa don abin da ta yi. Ni don maciji na saya, Yaya don aljihu. Saboda haka in za ka yi tafiya, ka ɗauki wadda ranka ya so, ka samu abokin tafiya mai ra'ayin da ya saba wa naka, kuma kada ka ƙwallafa rai a kan dawowa da ita. Ni yanzu da ashana nake laluben hanyar masallaci. Gwaggo kuwa jiya na same ta a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga cikin shinkafa, tana yi wa maiɗakina faɗa wai ta bar da yawa.