An Yanke Wa Motar Yaya Mamman Hanji

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Mamman makwancinsa a Kusada, Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta abu mai sanyi kamar yadda ake yi wa mamata, amma raina a ɓace yake, kuma marigayin bai taɓa koya mani haɗiye fushi ba. Motarsa ce ta tayar mani da hankali, da abin da ɗansa Kabiru da tsohon yaron garejinsa Sale suka yi mata a daminar bana.

Yaya Mamman bakanike ne, garejinsa na bakin titin Kano zuwa Katsina, a Kankia. Ba zan shafa masa mai don ya mutu ba. Mutum ne mai baƙar magana, wanda in ka kawo masa mota sai ya fara zaginka kafin ya duba ta. Tasa motar tsohuwa ce fara, mai injekta irin ta farkon fitowa, cikinta cike da siraran tiyoyin iska kamar hanjin akuya. Ya fi shekara ashirin yana hawanta. Da ya rasu aka bar wa matarsa, Hajiya Abu, da ita ake kai ta asibiti Katsina. Abu ɗaya ta roƙa, a bar mata motar yadda mai ita ya bar ta.

Na sha zama a bencin garejin ina kallon aikinsa. In mota ta zo silonta, wato kukan injin in tana tsaye, na hawa da sauka, ko tana mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur, ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya sa a kashe rediyo kowa ya yi tsit. Ya ɗauki guntun tiyo, bakin tiyon guda a kunnensa, ɗayan yana bin injin da shi har ya ji inda iska ke tsaki. In bai ji ba, ya ɗiga fetur kaɗan a mahaɗar kowane tiyo, inda injin ya sake murya nan ɓarakar take. Yakan ce injekta sai ta auna iska take ba da mai, in iska ta shigo ta ɓarauniyar hanya awon ya lalace. Sai ya gama da tiyoyi zai kwance bakin totur ya wanke baƙin da ya daskare, ya duba ko wayar ta saki. Wanda duk ya kama cikin yaransa yana murɗa sukurun silo don ɓoye ciwo, ko yana toshe tiyo da ƙusa, ranar sai ya yi da-na-sanin zuwa aiki.

Bana motar ta kamu da irin wannan ciwo. Tana mutuwa a kwanar shiga Kankia, burkinta kuma ya yi tauri kamar kana taka dutse. Ni hatsi nake saye da sayarwa, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na ce wa Kabiru a duba babban tiyon da ya tashi daga injin zuwa tukunyar burki, don na taɓa jin ubansa yana cewa silo da burki in sun lalace tare, nan ake farawa. Kabiru ya kai ta wurin Sale, wanda yanzu shi ke riƙe da garejin. Ko buɗe kunne Sale bai yi ba.

“Baba Sani, injektar ga ta gaji,” in ji shi. “Mu cire ta, kahireta za mu aza mata a madadinta, kowa haka shi ke yi yanzu.”

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Kabiru ya ce mani to, na ba da baya ya ce wa Sale ya ci gaba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Ranar da na koma na tarar an yanke tiyoyin kaf, an cusa wa ramukan ƙusoshi, kayan injektar kuma 'yan gwangwan sun riga sun aza su a sikeli sun tafi. Aka tayar da mota, ta yi hawa da saukarta, ta mutu kamar jiya. Sai a lokacin Sale ya ciro tiyon burkin, ga tsaga a ƙarƙashinsa ba ta fi tsawon farce ba. Ya sake shi da sabo, ciwo ya tafi. Bai ko ji kunyar kallona ba.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga kanikawan yau. Wasu ba sa motsi sai na'ura ta gaya masu, wasu kuma duk abin da ba su gane ba sai su yanke. Na san ba Sale zai fara zagi ba. Kansa zai fara tambaya, yaya aka yi mutum ya yi shekaru a gindinsa bai koyi yin shiru ya saurara ba. Wataƙila zagin nasa ne ya toshe wa yaransa kunne, ba na wanke Yaya daga wannan.

To me ya rage na Yaya Mamman? Gareji na nan da sunansa a allo, amma ba aikinsa ake yi a ciki ba. Ɗa na nan, kamar an tsaga kara a fuska, iyakar gadon ke nan. Abin da ya rage na gan shi ranar da aka dawo da motar Kusada. Kabiru ya tsaya ƙofar gida yana ba ta wuta don uwarsa ta ji an gyara. Ina zaure na ji Hajiya daga ciki tana tambayar wa ya zo. Aka ce motar Malam Mamman ce.

“A'a,” ta ce. “Ni da tun daga kwanar titi nake jin tahowarta in tashi in aza mai ruwa? Wannan ba ita ba ce. Ku ɗauke ta daga ƙohwar gidan ga.”

Tun ranar ba ta sake shiga cikinta ba. Motar haya take bi zuwa asibiti, da ciwon ƙafarta da komai, ni ke raka ta tasha.