Ranar da Na Tona Gonar Makaranta

Na rasa miji, na rasa 'ya'ya uku, na ga shekarar da muka kwana da tafasa babu ƙuli. Duk waɗannan yanzu sai na zauna na natsu nake tuno yadda suka faru. Amma ranar da na durƙusa a bayan wata makarantar sakandare a Daura ina tona rairayi da hannuna, wannan har in koma ga Allah ba za ta bar raina ba.

Ban yi boko ba. A wani ƙauye kusa da Sandamu nake, gona ɗaya mai gidan ya bar mana, jigawa ce. Ɗa ɗaya ya rage mini, kuma shi ne na fari, ko sunansa ba na kamawa. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, yana ajin ƙarshe, kullum da sassafe yake hawa tsohon keken ubansa ya nufi Daura.

A cikin karatunsa duk babu abin da ya tsana kamar Agirik, wato darasin noma. Abin ya ɗaure mini kai. Yaron da tun yana shekara shida yake bin bayana da ƙwaryar iri?

Na ce, "Kai, noman ma sai an koya maka?"

Ya buɗe littafin ya nuna mini. Ga koko, ga itacen roba, ga kwakwar manja. Ga tarakta an zana, an ce su haddace sunan kowane ƙarfe na jikinta.

Na ce, "Ina gero?"

Ya yi ta buɗe shafi. Can wajen ƙarshe ya samo shi, bai kai tafin hannuna ba.

Na ce ya haddace musu abinsu ya ba su, tunda takarda muke nema.

A bazarar shekarar malamin Agirik ya raba musu fili a bayan makaranta, kowa da ɗan yankinsa. Ya ba kowa gwangwani guda na irin gero na gwamnati, wanda aka cuɗa da jan magani. Ya ce kowa ya adana nasa sai ruwa ya sauka, kuma da wannan shuka za a ba da maki.

To mu a wajenmu akwai binne. Wanda ba shi da mataimaka ba ya jiran ruwa. Idan gawo ya fara zubar da ganye, gabas ta fara haɗa baƙi da yamma, sai ka ɗauki sungumi ka sare busasshiyar ƙasa, ka zuba iri ka rufe da diddige. Yana kwance a ciki. Ranar da ruwa ya sauka, masu shanu da 'yan ƙwadago suna neman inda suka ajiye iri, naka ya riga ya sha. Akwai kasada, don idan yayyafi ya taɓa shi ya ɗauke, ya lalace. Amma da binne na ciyar da yaron nan tun rasuwar ubansa.

Mun gama namu ranar Alhamis. Ranar Asabar da safe ya ɗaure sungumi a keke ya tafi makaranta, babu kowa, ya binne irin da ke gwangwaninsa. A ransa zai burge malam.

Ranar Litinin tun kafin azahar na gan shi ya shigo yana jan keke. Ya juya zai shiga ɗaki na ga bayan rigarsa ya manne da jiki.

Na ce, "Cire."

Shatar bulala ce, wasu sun fashe.

Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Malam ya ce kowa ya fito da irinsa a gani. Shi ya ce ya shuka. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya leƙa ta taga, ya hango fili fari fat, ya ce wane mahaukaci ne zai shuka gero a wuta. Ya ce ya san halin 'yan ƙauye, ya kai wa uwarsa ne ta daka. Aka buga ƙararrawa aka tara makaranta kaf, aka kwantar da shi a gaban shugaban makaranta, yana ta cewa binnewa ya yi. Aka ce ɓarawon kayan gwamnati ne. Aka ce kada ya dawo, kuma babu shi babu jarrabawar fita.

Ɓarawo. A shekarun nan da ko yara a dandali maganar hukuncin sata suke yi. Kuma da 'yan ƙauyenmu a makarantar, kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya.

A al'adarmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari, kunya ake yi. Ƙanin ubansa ya kamata ya je. Na same shi, ya ce a bari a huce tukuna. Na dawo na ajiye kunyar a ɗaki tare da tabarma.

Washegari na sa hijabina na shiga motar kasuwa, yaron ya bi ni a keke. Aka kai ni ofishin shugaban makaranta. Dattijo ne mai furfura a gemu, ga fanka tana juyawa a kansa. Aka kira malamin Agirik. Matashi ne fes da shi, ɗan cikin birni, takalminsa har ɗaukar ido yake.

Shugaban ya ce, "Inna, haƙuri za ki yi. Doka ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ba da haƙuri ba, ban zo karɓa ba. A kai ni gonar."

Malamin ya yi murmushi. "Inna, ni fa digiri na yi a kan noma. Iri ba ya tsira sai da danshi. Kimiyya ce."

"Na ji. Ka tona?"

"In tona me?"

"Ƙasar. Kafin ka dake shi, ka tona?"

Ya dubi shugaban, shugaban ya dubi fanka.

Na miƙe na fita, dole suka biyo ni. Ɗalibai suna ganinmu suka cika tagogi, wasu suka sulalo waje. Rana ta take, rairayin nan kamar an kwashe shi daga murhu. Yaron ya nuna mini yankinsa. Ban ma buƙaci nuni ba, ga sawun diddigensa a jere, taki ɗaya rami ɗaya, yadda na koya masa. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi zai gani daga nesa.

Na durƙusa na sa hannu. Yatsuna suka ƙone, ban fasa ba. Ramin farko, ga su nan jajaye. Na zuba a tafin hannu na matsa na gaba. Na biyu, na uku. Na bi layin nan da gwiwa har ƙarshensa. Na taso na kama hannun malamin, na juye masa su da ƙasar da komai.

Na ce, "Ga abin da na daka."

Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Wallahi binne ne, mu ma mun yi a gida!" Sai ga murya ta ko'ina, mu ma, mu ma. Ashe rabin makarantar sun sani. Tsoron bulala ya rufe musu baki jiya.

Kun san abin da malamin ya ce? Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "To ko ya shuka, ai ba haka littafi ya ce ba. Ya saɓa umarni. Sifili ne makinsa."

Ban kula shi ba. Wanda bai sani ba, bai sani ba. Shugaban na juya wa.

"Ranka ya daɗe, kai mutumin ina ne?"

Ya ce, "Wajen Dutsi."

"Mahaifinka manomi ne?"

"Manomi ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Bai taɓa binne ba?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, "Yana yi."

"Kai ka zuba masa iri?"

"Ni ne."

"Kuma jiya yaro ya ce maka ya binne, kana tsaye aka kira shi ɓarawo."

Wannan ne abin da har yau yake tafasa mini zuciya. Ba matashin ba. Dattijon da geron binne ya yi masa ƙashi da tsoka, aka biya masa makaranta da shi, amma ya ji kunyar ya san abin a gaban mai digiri.

Ya ce yaro ya koma aji, magana ta wuce.

Na ce, "Ba ta wuce ba. A gaban mutum nawa aka faɗa?"

Ya ce ai ba a tara makaranta sau biyu a kan abu ɗaya, kuma hakan zai zubar da girman malami. Na ce to. Na je gindin darbejiyar da aka rataya ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen mota ne, na zauna. Na ce a nan zan yi azahar, a nan zan yi la'asar, gobe ma da nan zan fara. Masinja ya zo ya lallashe ni, ya kawo mini ruwa. Na sha, na gode masa, ban tashi ba.

Dab da tashin makaranta shugaban ya fito da kansa ya ce a buga. Aka taru. Ya yi gyaran murya ya ce an gano irin, yaro bai ɗauki komai ba.

Na ce daga inda nake, "Ba a ji ba a baya."

Ya ɗaga murya. "Ba ɓarawo ba ne!"

Na kakkaɓe zanena na kama hanyar tasha. Ban dubi yaron ba, shi ma bai dube ni ba.

Ruwa ya sauka bayan kwana tara, mai yawa. Yankinsa ya riga na kowa tsira, ban da layin da na tone. Babu shinge a gonar, awakin unguwa suka cinye na kowa da kowa kafin ya kai gwiwa. Sifilin nan kuwa ba a goge shi ba. Ya zauna jarrabawar fita, ya zana musu taraktarsu, ya rubuta musu yadda ake shanya koko, ya ci. Har yau bai taɓa ganin itacen koko ba. Takin zamani yake sayarwa yanzu, kuma duk bazara shi yake yi mini binne da 'ya'yansa.

Ban ce karatu banza ne ba. Jikokina duk suna zuwa, ni nake korar su da safe. Amma na koyi abu ɗaya a ranar nan, kuma shi nake gaya musu. Duk karatun da zai hana ka durƙusawa ka tona ƙasa kafin ka kira ɗan wani ɓarawo, bar musu shi a makarantar, kada ka shigo mini da shi gida.