Ƙafar Kawu Ilu

Duk wanda ya yi kolej a Mayahi zamanin Mushe Ilu, wato Malam Ilu mai koyar da Ingilishi, ya san ƙafar nan. Kana karanta Ingilishi, ka iso aya, ka buga ƙafa ƙasa. Waƙafi, ka gyaɗa kai. Tambaya, ka ɗaga kafaɗa. Ajinsa kamar masussuka, ƙura har ta taga!

Ku dai in an tashi lakwal, wato makaranta, kun huta. Ni fa? Kawuna ne, gidansa aka kawo ni daga Maijirgi, kuma Baba ya ce in na faɗi jarrabawar bepese, gona na jirana. In ce, "Kawu ga tuwo Inna ta ce ka zo zai huce," sai ya aje littafi.

"Ke Rabi, wa ya koro ki? Koma ƙofa, ki shigo da ayoyinki."

Tuwon ya huce, wallahi, kuma ni aka yi wa faɗa.

Ranar da ya ce bai jin bugun waƙar Ingilishi a bakinmu, turmin matarsa ya ɗora a amalanke har aji. Ya ba 'yan mata taɓare: inda murya ta yi nauyi a daka, inda ta yi sauƙi a ɗaga. Muna cikin haka sai ga Inna Hadiza da hatsinta a ƙwarya.

"Malam, mi za mu ci?"

"Hadiza, zuba shi nan. Baiti biyu suka rage."

Ta zuba kuwa. Geron furarmu da Ingilishi aka daka shi, kuma ya daku sarai.

Ranar jarrabawar baka na rantse ba zan kunyata kaina gaban baƙon malami ba. Na matse ƙafafu, na fara karatu. Ina isowa ayar farko, dum! Ƙafar ta ci amanata. Na ji kamar in nutse, na hango kaina da hauya a Maijirgi. Malamin ya dube ni ta saman tabarau.

"Mayahi?"

"E, Mushe."

"Ci gaba."

Aya ta biyu, sai na ji dum daga ƙarƙashin teburinsa. Ashe shi ma ɗan turmi ne! Na ci jarrabawar. Na kai wa Kawu albishir ina haki, ya ce in koma ƙofa.

Kai, mutumin nan ya gajiyar da ni! Yau ni ke koyar da Ingilishi a Tasawa, yara na yi mini dariyar ƙafa, na kasa bari.

Da ciwo ya kayar da shi, ina zaune wajen ƙafafunsa. Ya yi kalmar shahada a hankali, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Da ya kai ƙarshe, diddigensa ya taɓa tabarma sau ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa ka huta inda ka tsaya.