Sabi'u da Kofi Biyu na Shagona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cire kwaɗon shago aka kira ni daga gida Najeriya, wai Sabi'u ya rasu. Zuciya ce, aka ce. Nan bakin ƙofa na zauna.

Ni ban yi boko ba, magana nake yi wa wayar nan tana rubutawa. Da na so in yi shiru. Amma ko kai shi makwanci ba a yi ba, har an fara turo murya a guruf ɗinmu cewa ɗan majalisar da ya so halatta zubar da ciki ya mutu.

Wannan ba zan bari ta wuce ba. Ni da shi muka yi maganar nan baki da baki.

Mahaifinsa abokina ne. Shi kuwa duk Umarar da ya zo, kafin ya ga Ka'aba sai ya biyo ta shagon ɗinkina a unguwar Hindawiyya, nan Jidda, da ƙullin kuka da daddawa. Honarabul guda, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a ƙasa mu ci ful da tamis, wato waken Larabawa da gurasa. Da idona ya fara rauni, shi ya riƙa zura mini zare a allura, wai don kar in ɗinke yatsana.

Wata shekara ya zo duk ya rame. Shi ne shugaban kwamitin lafiya a majalisar jiharsu, aka kawo doka a kan yaushe likita zai iya cire ciki. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, shi ne mai zaɓen waɗanda za su yi magana. Manyan jam'iyya suka ce ya kira malamai kawai, shi ke nan. Masu ƙungiyoyi suka ce likitoci kawai. Shi ya ce malamai za su zo, likitoci za su zo, da wata tsohuwar ungozoma, da wani magidanci da matarsa ta mutu da ciki. Kuma lokacin kowa daidai da na kowa.

Na taso masa. Na ce, “Sabi'u, ka ji tsoron Allah. Masu wannan magana za ka ba wa kujera?”

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kofi biyu.

Duk unguwar nan an sani, in Hausawa biyu suka yi rigima, shagona ake kawo ta. Ina ajiye kofi biyu, ba na zuba shayi sai dukkansu sun zauna, ko da butar za ta huce. Haka na tarar dattawanmu na Jidda suna yi.

Ya ce, “Baba, ka taɓa zuba wa ɗaya kafin ɗayan ya iso?”

Na ce wannan daban, wannan maganar rai ce.

Ya ce, “Shi ya sa, Baba. Rai biyu ne, na uwa da na ɗa. Yaya zan ji bakin ɗaya?”

Na ce to kai wane ɓangare kake? Ya ce sai an gama shan shayi.

Ban yarda da shi ba ranar, kuma a kan dokar har yau ina nan inda nake. Amma ya yi zamansa yadda ya faɗa. Waɗannan suka ce ya sayar da addini, waɗancan suka ce ya cika zaure da rawuna. Da zaɓe ya zo, jam'iyya ta hana shi tikiti.

Ganinmu na ƙarshe, azumin da ya wuce ne, shi kaɗai da 'yar jakarsa. Na ce, “Ka ga abin da taurin kai ya jawo maka.”

Ya yi dariya har da tari. “A wurin wa na koya?” Sai ya tashi. “Yalla Baba, motar Makka na jira.”

To ku ji daga bakin tsohon da ya yi faɗa da shi. Sabi'u bai taɓa ce mini a halatta komai ba. Cewa ya yi a saurari kowa kafin a yanke.

Ya Allah, kai ne Mai jin kowa. Ka ji uzurin bawanka Sabi'u, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri.

Malaman da ya kira, likitocin da ya kira, har ku masu turo murya, kowa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Shi bai hana kowannenku kujera ba.