Baba Delmar, Wanda Ya Dawo Mana da Marmaro

Ƙarfe shida na safe, sanyi ya daskarar da ruwan kwamin shanu, sai ka ji kukan injin yankan itace daga kan tudu. Ba sai ka tambaya ba, Baba Delmar Etchart ne. Shekara talatin da huɗu yana wannan hawa a nan gabashin Oregon, yana kayar da junifa, bishiyar da ta mamaye mana makiyaya, take shanye ruwa tun bai kai ga ciyawa ba.

Ni ban yi dogon karatu ba, amma abin ya ishe ni, dole in faɗa. Shekarar da marmaronmu ya ƙafe, Goggo Verna, wadda ta riƙe ni, har ta kira mai motar da zai kwashe shanunta kasuwa. Delmar ya ce ta ba shi hunturu biyu ya sare junifar, kafin nan zai riƙa jawo mata ruwa a tanki.

"Kai tsohon nan, sare itace ne zai haifi ruwa?"

"Ke dai Verna, tunda bakinki bai ƙafe ba, marmaro ma zai dawo."

Ya kwantar da junifar kwarin kaf, ya jera rassan a kwazazzabai su tare ƙasa. Tsofaffin bishiyoyin da ke kan duwatsu kuwa ya ƙi taɓawa, wai sun riga kakanninmu zuwa. Da ƙanƙara ta narke a shekara ta biyu, ruwa ya tsattsafo, shanu suka tsira. Kun san me mutane suka ce? Wai sa'ar dusar ƙanƙara ce! Haba jama'a! Ita ma Goggo kofin gahawa kawai ta miƙa masa, tana mitar ya bar mata kututture.

Kai ne ka ji ƙishirwar ƙasar da ba ta da baki, Baba. Amma kai ma da taurin kanka. Likita ya ce gwiwoyinka sun gama, ka ajiye inji, muka gasa nama don karrama ka, ka ƙi zuwa.

To, na gode ko ba ka so. Ku kuma maƙwabta, tsuntsaye ba su daina yaɗa irin junifa ba. Wanda ya ga tsiro ya tumɓuke, kada mu jira Baba da yanzu sai da sanda.

Jiya na hango shi ya tsayar da a-kori-kurarsa bakin marmaronmu. Ya dogara sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya cire wani ɗan tsiro da bai kai tafin hannu ba. Kafin in ƙarasa ya ja mota. Goggo ta leƙo ta taga.

"Ya dai rufe mini ƙofar shinge ko?"

Ya rufe.