Bakan Hamman Mai Rabuwa Biyu

Hamman Bafillace ne, ɗan siriri mai ƙaramar murya, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ce Mudi mai baka ya zauna yabon abokinsa. An haife shi a wata ruga wajen Kiru, ya taso a bayan shanun ubansa, sai kimanin shekara shida kafin a ba mu mulkin kai ya gangaro da iyalinsa ya kafa bukkoki a gindin duwatsun Doguwa. Matarsa na kawo nono gari, shi kuwa sai ranar Juma'a ake ganinsa, ya yi salla ya koma. Da a nan ya tsaya, da mun zauna lafiya.

Mu gidanmu baka muka gada. Kakana shi ke yi wa Sarkin Baka na zamaninsa, ubana ma haka, ni ma haka. Lokacin kaka nake shiga daji in saro sandar dargaza miƙaƙƙiya, in soke ta a rufin ɗakin girki ta sha hayaƙi shekara guda. Sannan in sassaƙe da gizago, in kankare da wuƙa, ina yi ina tanƙwarawa a gwiwa har sai sama da ƙasa sun rusuna daidai da juna. In shafe da man kaɗe, in yi tsaga uku a ƙarshen ƙasa, wato alamar gidanmu. Wasu maharban su zo zaure su zaɓa, sauran kuma Buba dillali ya kwasa ya kai kasuwar Tudun Wada.

Sai ga labari wai ɗan Fulanin nan yana yin baka mai rabuwa biyu. A zare shi a tsakiya, a zuba a jaka tare da kwari, a ɗaure a bayan takarkari, ba ya maƙalewa a sarƙaƙiya. In an tashi harbi a haɗa, a ɗaura tsirkiya. Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan ai muciya ce guda biyu. Amma kafin damina ta wuce, zaurena ya koma sai ni da kajin matata Kande. Maharban da suka san ƙofar gidanmu tun suna yara suka riƙa wucewa ta bayan gida don kada mu haɗa ido. Na fi jin zafin wannan a kan a zage ni.

Hassada na yi, ba wani suna da zan ba ta. In aka ambaci Hamman a gabana sai in tashi in kaɗe riga, har mutane suka daina. Sau biyu yana zuwa gaishe ni da bakan a kafaɗarsa, ina sa Kande ta ce ba na nan.

"Malam," in ji ta, "ka taɓa riƙe bakan nan kuwa, da kake ta zaginsa?"

"Allah Ya kiyaye hannuna."

"To, bakinka dai bai kiyayu ba."

Ana saura wata biyu a fita farautar rani, Sarkin Baka Rufa'i ya aiko kirana. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gero, ya tambayi yara, sannan ya ce bana yana sha'awar irin mai rabuwar nan. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. In Sarkin Baka ya fita da bakan wani gida, namu ya rufe ke nan, a hannuna.

"Ranka ya daɗe," na ce, "abin da makiyayi ya yi a gindin itace, ni ne zan kasa? Ka ba ni kwana arba'in."

Abin da na sani game da bakan kaɗan ne, don daga nesa kawai nake hararar sa. An ce akwai ƙaho a tsakiya, na kuma hango wani abu baƙi-baƙi a kan ƙahon, na ce fata ce. Na ɗauko gajerun itatuwa biyu na sassaƙa kowanne daban, don a gidanmu ba a sa zarto a jikin bakan da aka gama, ubana ko wasa ba ya yi da wannan. Na samo ƙahon bijimi a wurin mahauta, na yanke, na dafa, na zura itatuwan. Na je wurin baduku na zaɓo jar fata jemammiya, mai laushi, aka ɗinke ƙahon da ita har da ado. Wallahi ya yi kyau. Na ce bari ɗan Fulani ya ga yadda 'yan gado ke aiki.

Ranar fita maharba suka taru a bakin gari, makaɗa na kiɗa, Sarkin Baka ya haɗa bakan a gaban kowa. Al'ada ce ya fara sakin kibiya ɗaya sama kafin a shiga daji. Ya ja, ya ƙara ja, sai ji muka yi ƙas! Ƙahon ya tsage, jar fatar ta buɗe kamar bakin jaka, ɓarin sama ya dawo ya fasa masa goshi. Jini ya gangaro har gemu. Kiɗa ya tsaya. Sarkin Baka ya miƙa hannu, wani ya ɗora masa bakan Hamman, suka wuce.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu da hantsi aka yi sallama, kafin in ce a ce ba na nan, Kande ta riga ta shimfiɗa masa tabarma. Hamman ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye bakansa a cinyata, ba yadda zan yi sai na riƙe. Baƙin abin nan ashe fatar wutsiyar bijimi ce, ɗanya. A zare ta ɗungurungum ba tsagawa, a zura ƙahon a ciki tana jiƙe, in ta bushe ta matse shi kamar ƙarfe. Wanda ya tashi cikin shanu ne kaɗai zai san wannan.

Na shafa itacen, hannuna ya tsaya. Na juya ƙarshen ƙasa. Tsaga uku.

"Malam Mudi," ya ce, "ni ban iya sassaƙa ba. Naka nake saya a wurin Buba, in yanka biyu. Na gwada na wasu, ba ya rusunawa daidai. Duk wanda ya tambaye ni na faɗa masa. Kai ma sau biyu ina zuwa in faɗa maka."

Wato shekara guda ina zagin aikin hannuna, gari duk ya sani, ba mai iya buɗe mini baki.

Daga nan muka yi aiki tare shekara biyar, ni itace, shi ƙaho da wutsiya. Sarkin Baka bai sake aiko kirana ba har ya rasu da tabonsa a goshi. Hamman kuwa, da noma ya cinye makiyaya, ya kora shanunsa kudu, can muka ji rasuwarsa. Ya koya mini komai kafin ya tafi, bai ɓoye ko ɗaya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Har yau ina yin bakan, ni kaɗai, daga sara har ɗaurin tsirkiya, da tsaga ukun gidanmu a jikinsa. Shekaranjiya wani maharbi ya yi sallama a zaure, matashi, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Hamman ya bar ƙasar nan. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, nan ne ake sayar da bakan Hamman?"

Na ce nan ne.